Labaran Gari a Talabijin na Amurka: Sharhi a kan Sigarsu da Cinikinsu

Abin da aka nufa da wannan takarda shi ne a duba wani irin shiri na talabijin wanda mutanen Amurka suka daɗe da sabawa da shi, watau labaran gari, waɗanda tashar kowane birni ke karanta wa mutanenta da asuba, da yamma, da kuma dare kafin a kwanta. Za mu dube shi kamar yadda malamin adabi ke duban waƙa ko tatsuniya, mu ga yadda aka tsara shi, da abin da aka sa gaba, da abin da aka bari baya, sa'an nan mu tambayi wanda ke magana a cikinsa. Dalilin zaɓen Amurka kuwa shi ne, a can ne wannan sana'a ta fi daɗewa a hannun 'yan kasuwa, a can ne kuma aka fi rubuta lissafinta, har mutum ya iya bin sawun kuɗi tun daga aljihun mai biya zuwa bakin mai karanta labarai. Ra'ayin da za mu kare shi ne, sigar labari takan bi wanda ya biya kuɗinsa, kuma babban aibin da ya sami labaran gari a Amurka shi ne, fuskar da ke karatu ta ɗan gari ce, alhali kuwa sau da yawa maganar ta wani ce can nesa, ba a kuwa gaya wa mai kallo. A ƙarshe za mu ɗan waiwayo gida, don akwai inda abin ya shafi tashoshinmu da ɗalibanmu.

1. Alkawarin farko

Yawancin tashoshin talabijin na Amurka na 'yan kasuwa ne, amma zangon iskar da suke watsa shirye-shirye a kansa dukiyar jama'a ce. Saboda haka dokar sadarwa ta 1934 ta kafa hukumar tarayya mai suna FCC, ita ke ba da lasisi, bisa sharaɗin mai tasha ya yi aikin da zai amfani jama'ar wurin da aka ba shi. Galibi tashar gari takan ƙulla ƙawance da ɗaya daga cikin manyan kamfanonin ƙasa baki ɗaya, irin su ABC da CBS da NBC, ta karɓi wasannin kwaikwayo da labaran ƙasa daga gare su, sa'an nan ta cike sauran lokacin da abin da ta shirya da kanta. Cikin wannan sauran lokaci ne labaran gari suka sami mazauni.

A shekarun 1950 abin ɗan kaɗan ne. Mutum ɗaya ne zaune bayan tebur yana karanta takarda na kamar minti 15, masu tasha kuwa suna ɗaukarsa tamkar harajin da ake biya don kada a ƙwace lasisi. Hukuma ma ta kewaye su da ƙa'idodi. Tun 1949 akwai ƙa'idar adalci, wadda ta wajabta wa tasha ta taɓo batutuwan da jama'a ke gardama a kansu, ta kuma ji ta bakin kowane ɓangare. A 1954 aka iyakance wa kamfani ɗaya tashoshin talabijin 7. A watan Mayu na 1961 shugaban hukumar, Newton Minow, ya tsaya gaban taron masu tashoshi ya kwatanta shirye-shiryensu da ƙaton fili wanda ba ya tsirar da komai, ya kuma tuna musu cewa sabunta lasisi ba gado ba ne. Kada mai karatu ya ɗauka zamanin nan zamanin kirki ne zalla, don labaran sun kasance busassu, kuma da wuya a ga baƙar fata ko mace a kan tebur. Amma dai an san wanda ke da tasha, an kuma san wanda zai amsa tambaya idan aka yi ɓarna.

2. Yadda labari ya zama haja

Kuɗin talla a talabijin yana bin yawan masu kallo, kamfanin Nielsen kuwa shi ke ƙidaya su. Ya raba ƙasar gida 210, kowane gida kasuwa guda, kuma shekaru da yawa yakan tsananta ƙidaya a watannin Fabrairu da Mayu da Yuli da Nuwamba, daga nan a yanke farashi. To, masu tashoshi suka lura da wani abu. A lokacin shirye-shiryen da suka karɓo daga manyan kamfanoni, yawancin kuɗin talla na manyan kamfanonin ne, amma a lokacin labaran gari duk abin da aka samu nasu ne. Da aka gane haka sai harajin jiya ya zama hajar yau.

Mutum biyu ko uku ne suka sassaƙa sigar da ake gani har yanzu. A 1965 Al Primo, a tashar KYW ta Filadelfiya, ya fito da tsarin Eyewitness News, inda wakilin da ya je wurin da abu ya faru zai bayyana da kansa ya ba da labari, maimakon ya rubuta wani ya karanta. A 1968 ya kai tsarin tashar WABC ta New York. A Shikago kuma aka soma sa masu karanta labarai su riƙa 'yar raha da juna tsakanin labari da labari. A 1970 wata tashar Filadelfiya, WFIL, ta kawo Action News: labarai masu yawa, kowane ɗaya gajere, hoto na bin hoto da sauri. Kamfanin Frank Magid na jihar Iowa, wanda sana'arsa ita ce binciken abin da masu kallo ke so, shi ya yi ta sayar wa tashoshi irin wannan shawara birni bayan birni, har ta kai ga launin tebur da irin gyaran gashin mai karatu.

Lalle tsarin Primo yana da alherinsa. Ya fitar da wakili daga ofis zuwa unguwa, ya kuma buɗe ƙofa ga mata da baƙar fata da 'yan asalin ƙasashen Latin. Amma tun daga nan aka soma tambayar da ta lalata sauran, watau me zai hana mai kallo juya tasha, aka ajiye tambayar me ya kamata mutumin garin nan ya sani yau. Tun da kuwa masu ba da shawara kaɗan ne, tashoshi kuma ɗaruruwa, sai labaran birane dabam-dabam suka soma kama da juna tun kafin kamfani ɗaya ya mallake su.

3. Sigar shirin

Bari mu ɗauki shirin rabin sa'a mu warware shi. Kusan minti 8 na talla ne. Yanayin sama da wasanni da raha da sanarwar abin da ke tafe su ci wani rabo babba. Abin da ya rage wa labari na ainihi da wuya ya wuce rabin lokacin, a cikinsa kuwa wanda ya fi zuwa farko shi ne harbi, ko gobara, ko haɗarin mota. Ma'aikatan sana'ar da kansu suna da karin magana mai cewa labarin da jini ya zuba a cikinsa shi ke shiga gaba.

Akan ce wai mutane ne ke son jini, amma babban dalili shi ne araha. Labarin laifi yakan zo a shirye. Ana sauraron rediyon 'yan sanda a ɗakin labarai, a tura mota, a ɗauko hoton fitilar motar 'yan sanda da igiyar da aka kewaye wurin da ita, kakakin 'yan sanda ya yi magana, maƙwabciya ta yi kuka, cikin sa'a biyu an gama. Labarin kasafin kuɗin majalisar gari kuwa, ko na kwangilar ruwan sha, sai wakili ya yi makonni yana karanta takardu, kuma a ƙarshe ba shi da hoton da zai nuna sai na mutane zaune a zaure. Hausawa sun ce gani ya kori ji, talabijin kuwa a kan wannan ya dogara. Illar ita ce, abin da ba shi da hoto sai ya zama kamar bai faru ba, ko da shi ne zai ƙara wa kowa haraji.

Daga nan wasu al'adun shirin suka fito waɗanda mai nazari ya kamata ya lura da su. Za a ga wakili tsaye da dare gaban kotun da aka rufe tun la'asar, yana magana kai tsaye, ba don wani abu na faruwa a bayansa ba, sai don an sayi motar watsawa da tsada, dole a nuna ta. Za a ji an ɗanɗana wa mai kallo rabin labari, a ce akwai wani abu a ɗakin girkinka da zai iya cutar da 'ya'yanka, a dakace mu bayan talla. Za a ga an rubuta labari da ɗumi-ɗuminsa a kan abin da ya kwana biyu. Duk waɗannan dabarun riƙe mutum ne har tallar gaba ta wuce.

Abin kuma bai tsaya ga ɓata lokaci ba. Laifuffukan zubar da jini sun ragu ƙwarai a Amurka daga farkon shekarun 1990, amma a yawancin shekarun da kamfanin Gallup ya tambayi mutane, mafi yawansu sukan ce laifi ƙaruwa yake yi a ƙasar. A 2000 malamai biyu, Franklin Gilliam da Shanto Iyengar, suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi a Los Anjalis. Sun nuna wa mutane labarin laifi wanda ba a nuna wanda ake zargi a cikinsa ba ko kaɗan, amma da aka tambaye su daga baya, da yawa suka ce sun gan shi, mafi yawan waɗannan kuwa suka ce baƙar fata ne. Malamin adabin baka ba zai yi mamakin wannan ba. Yaron da ya saba da tatsuniya, da zarar an ambaci Gizo ya san za a yi zamba, ko da mai ba da tatsuniyar bai kai wurin ba. Haka labarin laifi ya zama tatsuniya mai sanannun 'yan wasa, mai kallo na cike gurbin da aka bari da abin da aka saba nuna masa. Bambancin shi ne, mai tatsuniya yakan rufe da ƙurunƙus kowa ya san ƙarya ce, wannan kuwa da sunan gaskiya ake ba da shi.

4. Inda kuɗin ke fitowa

Shekaru da yawa masu sayar da motoci da manyan kantuna da lauyoyi na gari su ne ke riƙe da tasha. Da intanet ya yi ƙarfi sai Google da Facebook suka janye babban rabo na wannan talla, matasa kuma suka koma kallon waya. Tashoshi suka jingina ga wasu hanyoyi biyu.

Ta farko ita ce tallar siyasa. A watan Janairu na 2010 Kotun Ƙoli, a shari'ar Citizens United, ta cire iyaka ga abin da kamfanoni da ƙungiyoyi za su kashe da kansu wajen yaƙin zaɓe. Doka ta tilasta wa tasha ta sayar wa ɗan takara lokaci da farashi mafi sauƙi idan zaɓe ya gabato, amma ba ta tilasta mata haka ga ƙungiyoyin waje ba. Saboda haka duk shekara biyu kuɗi kan kwararo, musamman a jihohin da ba a san inda za su faɗa ba, irin su Pennsylvania da Jojiya da Arizona. A nan akwai abin dubawa. Tallar da ke ɗauke da zargi a kan ɗan takara takan fito ne a tsakiyar shirin labaran da ya kamata ya binciki zargin, kuma daga gare ta ake biyan albashin mai binciken. Wasu tashoshi sukan yi binciken duk da haka, amma minti ɗaya na bincike ba ya tsayawa gaban tallar da aka maimaita sau ɗari.

Ta biyu ita ce kuɗin sake watsawa. Dokar 1992 ta ba tasha ikon neman biya daga kamfanonin kebul da ke kai shirye-shiryenta gidajen mutane. Da farko ba a cika biya da tsabar kuɗi ba, sai a 2005 Perry Sook, wanda ya kafa kamfanin Nexstar a 1996, ya dage sai an biya shi, ya yarda a ɗauke tashoshinsa na watanni har aka sasanta. Zuwa 2023 fiye da rabin abin da Nexstar ya samu daga irin wannan kuɗi ne. Mai karatu ya lura da abin da wannan ke nufi. Wanda ya biya kuɗin kebul ya biya tasha, ko ya kalli labaranta ko bai kalla ba. Abin da ke ƙara wannan kuɗi kuwa shi ne ƙarfin ciniki, ƙarfin ciniki kuma yawan tashoshi ne ke kawo shi. Ingancin labarin da aka yi a kan makarantar unguwa ba ya cikin lissafin.

Ban da wannan, an ƙara sa'o'in labarai ƙwarai, har wasu tashoshi na farawa tun ƙarfe huɗu da rabi na asuba, domin shirya labarai ya fi sayen wasan kwaikwayo araha. Amma ba a ƙara ma'aikata gwargwado ba. Aikin da dā wakili da mai kyamara da mai tace hoto ke yi, yanzu sau da yawa matashi ɗaya ke yinsa, shi ne direba kuma. Wanda aka ba shi sa'o'i ya cike ba shi da lokacin bincike, to duk wanda ya kawo masa shiryayyen abu ya taimake shi. A 2006 wata ƙungiya mai suna Center for Media and Democracy ta nuna tashoshi 77 sun watsa finafinai 36 waɗanda kamfanonin neman suna suka shirya da kamannin labari, ba tare da sun gaya wa masu kallo asalinsu ba. A watan Mayu na 2020, lokacin annobar korona, aka sami tashoshi 11 da suka watsa wani rahoto da kamfanin Amazon ya rubuta da kansa yana yabon yadda yake kare ma'aikatansa, masu karanta labarai suna faɗin kalmomin kamar nasu.

5. Tattara tashoshi a hannu kaɗan

Ƙa'idodin da muka ambata da farko an yi ta kwance su ɗaya bayan ɗaya. Mark Fowler, wanda ya shugabanci FCC daga 1981 zuwa 1987, ya ce shi a wurinsa talabijin kayan gida ne kamar na'urar gasa burodi, sai dai yana da hoto. A 1984 aka soke ƙa'idar da ta nuna yawan labaran da ake tsammani daga tasha, a 1987 aka soke ƙa'idar adalci. Iyakar tashoshi 7 ta koma 12 a 1985. Dokar 1996 ta cire ƙidayar tashoshi ɗungum, ta ce dai kada kamfani ɗaya ya kai ga fiye da kashi 35 cikin 100 na gidajen ƙasar, a 2004 aka mai da shi kashi 39. Ko wannan ma an sami hanyar kewaye shi, ta wurin lissafa wasu tashoshi da rabin gidajen da suke kaiwa, da kuma kafa ƙananan kamfanoni su riƙe lasisi da suna, babban kamfani na gudanar da aiki. A 2017 aka soke ƙa'idar da ta wajabta wa tasha ta ajiye babban ɗakin shirye-shirye a garinta ko kusa da shi.

Sai saye ya biyo baya. Nexstar ya sayi Media General a 2017 da Tribune a 2019, zuwa 2024 yana riƙe da tashoshi kusan 200. Kamfanin Gray ya sayi Raycom a 2019 da tashoshin Meredith a 2021. A watan Agusta na 2025 Nexstar ya ba da sanarwar cinikin kamfanin Tegna a kan dala biliyan 6.2. Yawancin irin wannan saye da bashi ake yinsa, bashi kuwa daga rage ma'aikata ake biyansa.

Kamfanin da ya fi fito da abin da muke nufi fili shi ne Sinclair, na iyalin Smith, mai hedkwata kusa da Baltimo. Ya daɗe yana aika wa tashoshinsa shirye-shiryen da dole su watsa cikin labaran gari, har da sharhin Boris Epshteyn, tsohon ma'aikacin Donald Trump, daga 2017 zuwa 2019. A watan Maris na 2018 ya aika wa tashoshinsa wata takarda, ya ce masu karanta labaran kowace tasha su karanta ta, tana gargaɗi a kan labaran ƙarya da son kai na wasu kafofin watsa labarai. Wani ma'aikacin shafin Deadspin, Timothy Burke, ya tattara hotunan ya jera su wuri ɗaya, sai ga mutane da dama daga birane dabam-dabam suna faɗin kalmomi iri ɗaya baki ɗaya, kowannensu yana magana kamar damuwar zuciyarsa ce. Kamfanin ya kare kansa da cewa saƙon bai goyi bayan kowace jam'iyya ba. Ko da mun karɓi wannan, aibin yana nan. A garuruwanmu na dā mai shela kan fara da cewa Sarki ya gaishe ku, kowa ya san maganar wa ya ɗauko, sa'an nan ya auna ta. Malaman hadisi kuma ba su karɓar magana sai sun san wanda ya ji daga wa. Abin da aka yi a nan shi ne an yanke isnadi, aka ari amincin da mutanen gari suka yi wa wanda suka shekara ashirin suna gani, aka liƙa shi ga maganar da ba tasa ba.

Bincike ma ya tabbatar da canjin. A 2019 Gregory Martin da Joshua McCrain suka kwatanta tashoshin da Sinclair ya saya a 2017 da maƙwabtansu na kasuwa ɗaya, suka tarar bayan saye labarin siyasar ƙasa ya ƙaru, na siyasar gari ya ragu, harshen kuma ya karkata ga masu ra'ayin riƙau. Dalilin ciniki a bayyane yake, don rahoto ɗaya daga Washinton ya ishi tashoshi ɗari, amma rahoton majalisar gari tasha ɗaya kaɗai zai yi wa amfani. A 2023 Sinclair ya rufe ɗakunan labarai a wasu birane, cikinsu har da Toledo da Omaha, ya maye gurbinsu da shirin da ake haɗawa a wuri ɗaya. A watan Janairu na 2025 kamfanin Allen Media ya ce zai sallami masu faɗin yanayin sama na tashoshinsa ya riƙa kawo hasashe daga Atlanta, sai masu kallo suka yi ca, ya janye a wurare da dama.

6. Abin da ba a ƙwace ba

Wannan ƙorafi na masu kallo ya nuna akwai abin da har yanzu suke riƙe da shi, mai sharhi kuwa ba zai yi adalci ba idan ya ɓoye shi. A watan Fabrairu na 2000 tashar KHOU ta Houston ta binciko yadda tayoyin Firestone ke ɓarewa a kan motocin Ford Explorer suna kashe mutane, a watan Agusta na shekarar aka janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa. A 2005, da guguwar Katrina ta nutsar da New Orleans, tashar WWL ba ta daina watsawa ba, ma'aikatanta suka koma Baton Rouge suka ci gaba da gaya wa mutane unguwar da ruwa ya ci da hanyar da ta rage. A jihohin da guguwa mai juyi ke yawan faɗawa, mai faɗin yanayi wanda ya san sunan kowane ƙauye da kowace mararraba yakan ceci rayuka. Duk waɗannan ayyuka sanin wuri ne ya haife su, shi ne kuwa abin da tattara tashoshi ke ragewa. Nauyin ma ƙaruwa ya yi, domin bisa ƙidayar makarantar aikin jarida ta Medill, zuwa 2024 Amurka ta rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku na jaridun da take da su a 2005, kuma daga jaridun nan ne tashoshi suka saba ɗaukar labaran da ke buƙatar tono.

7. Inda abin ya shafe mu

Tarihinmu dabam ne, don a Nijeriya gwamnati ce ta haifi talabijin. An buɗe tashar Ibadan a 1959, ta Kaduna a 1962, a 1977 aka haɗa tashoshin ƙasar ƙarƙashin NTA, daga baya jihohi suka kafa nasu, kamar CTV ta Kano a zamanin Gwamna Abubakar Rimi, sa'an nan doka ta 38 ta 1992 ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. Amma tun da aka shiga tsuke bakin aljihu a 1986 aka ce wa tashoshi su nemi na kansu, al'adar biyan kuɗi kafin a ɗauki labarin taro ta zama sananniya, har da farashinta a rubuce. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Cutar da ta kama tashar Amurka ta hannun kamfani mai nisa, ita ce ta kama tamu ta hannun gidan gwamnati da mai taro.

Alamarta tana cikin harshen da kansa, nan ne kuwa aikin malamin Hausa ya shigo. A saurari aikatan da suka cika labaranmu: ya bayyana, ya jaddada, ya yi kira, ya sha alwashi, ya yaba. Dukansu aikatan faɗa ne, ba su nuna an yi wani abu ba, mai faɗar kuma kusan kullum mai muƙami ne. Hausa ta bambanta labari da sanarwa, ta bambanta shela da talla, ta bambanta su duka da kirari, kowanne da lokacinsa da mai yinsa. Idan aka zuba su cikin ƙwarya ɗaya aka kira su labarai, mai sauraro ya rasa ma'aunin da harshensa ya ba shi.

Muna ba malaman kwalejojin horon malamai shawara su sa wannan cikin darasin nazarin zube. A naɗi labaran tasha ɗaya na mako guda, ɗalibai su rubuta su, su auna daƙiƙoƙin kowane labari, su jera aikatan da aka yi amfani da su, sa'an nan a kan kowane labari su amsa tambaya uku: wa ya yi magana, wa ya kai kyamara wurin, kuma wa abin ya shafa wanda ba a ji ta bakinsa ba. Daga nan a ba su labari ɗaya su sake rubuta shi, su fara da abin da ya faru da wanda ya same shi, su ambaci asalin kowace magana. Ɗalibin da ya yi wannan sau biyu ko uku zai iya koya wa yaran ajinsa su rarrabe labari da talla, ko da an karanta musu su da murya ɗaya.